Benci ya ƙi gaba: laifin bayan dantse ne ko na ƙirji?

Duk mai shiga wuraren ɗaga ƙarfe a unguwannin da mutanenmu suke da yawa a Legas, Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa. Mutum ya yi wata da watanni yana tura kilo 70 ko 80 a benci, wato ya kwanta rigingine a kan benci yana tura sandar ƙarfe daga ƙirji zuwa sama, ya kasa ƙara ko kilo biyar, sai wani ya ce masa ai ƙirjinka ne bai cika ba ka ƙara set, wato jerin turawar da ake yi kafin a huta, wani kuma daga gefe ya ce a'a ɗan'uwa, bayan hannunka ne ba ƙarfi, ka rabu da ƙirji ka koma kan tiraisef, tsokar bayan dantse. Ya buɗe waya kuma TikTok da YouTube kowa da abin da yake faɗa, kuma kowannensu ga jiki nan a murɗe balle ka ce bai san abin da yake yi ba.

Abin ya ƙara cakuɗewa tun da IPF, babbar hukumar duniya ta fawaliftin, gasar ɗaga ƙarfe mai nauyi da benci yake cikinta, ta sauya dokar benci daga 1 ga Janairun 2023, wasu suka ɗauka an hana faɗaɗa riƙo, wato ware hannu biyu a kan sandar, gaba ɗaya, wasu suka ce yanzu gasar ta koma ta masu ƙarfin bayan dantse kawai. Kowane ɓangare yana da ƴar gaskiyarsa, amma an haɗa maganganu daban daban wuri guda ne shi ya sa kan mutane ya ɗaure.

Wace tsoka ake magana a kai

Tiraisef ita ce tsokar da take bayan dantse, daga ƙasan kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Wadda samari suka fi nunawa a hoto ita ce ta gaba, ƙwanji, amma ta bayan ta fi ta girma, kuma aikinta ɗaya ne babba: miƙe gwiwar hannu. Duk lokacin da ka tura wani abu ya yi nesa da jikinka, baro ne ko ƙofa ko ƙarfe, ita ce take ƙarasa miƙe hannun.

Kawuna uku gare ta, kuma duk ukun suna haɗuwa ne a jijiya ɗaya da ta kama ƙashin nan mai tsini na bayan gwiwar hannu, wanda kake dogarawa a kan tebur. Biyu daga cikin kawunan sun taso ne daga ƙashin dantsen kansa, su ba ruwansu da kafaɗa. Na ukun, wanda ake kira dogon kai, ya taso ne daga ƙashin allon kafaɗa, wato ya ƙetare gaɓa biyu kenan, kafaɗa da gwiwar hannu. A riƙe wannan, don shi ne dalilin da ya sa benci shi kaɗai ba ya gina tiraisef gaba ɗayanta, kawuna biyun nan suna shan aiki sosai a benci, dogon kan kuwa ba ya samun miƙewar da zai yi aiki da dukkan ƙarfinsa.

A benci tsoka uku ne manya suke tura ƙarfen: ƙirji, gaban kafaɗa, da tiraisef. Ba wai suna karɓa-karɓa ba ne ɗaya ta gama ta miƙa wa ɗaya, duk suna aiki tun daga ƙasa har sama, sai dai rabon nauyin yana canzawa. Idan ƙarfen yana kan ƙirji, ƙirji da kafaɗa ne suka fi ɗaukar kaya, yana yin sama gwiwar hannu tana buɗewa kason tiraisef yana ƙaruwa, har zuwa inda ake kulle hannu.

Daga ina maganar "tiraisef ce komai" ta fito

Wannan magana tana da asali, kuma asalin ba wajen irin masu benci da muke gani a unguwa ba ne. A gasar fawaliftin akwai rukuni biyu, masu turawa da jikinsu kawai, da masu saka wata riga ta musamman mai tauri da aka fara amfani da ita tun shekarun 1980. Rigar nan idan ƙarfe yana saukowa tana ɗamewa kamar danƙon harbin tsuntsu, idan an zo turawa sai ta cilla ƙarfen daga ƙirji, to daga tsakiya zuwa sama rigar ta saki, mutum ya rage shi da hannunsa riƙe da nauyin da ya fi ƙarfin ƙirjinsa nesa ba kusa ba. A duba bambancin: Julius Maddox ɗan Amurka ya tura kilo 355 ba riga a 2021, Jimmy Kolb kuwa da riga ya wuce kilo 600 a 2023.

Mai riga kenan dole ya zuba yawancin ƙarfinsa wajen gina kullewar sama. Shi ya sa wuraren horo irin su Westside Barbell na marigayi Louie Simmons a jihar Ohayo suka shahara da atisayen tiraisef masu nauyi, da tura ƙarfe da katako a kan ƙirji don a yanke rabin tafiyar ta ƙasa, da kuma wani salon atisayen tiraisef, JM fures, da aka sa wa sunan ɗan wasan benci JM Blakley. Rubuce-rubucensu sun bazu a mujallu da intanet, mutane suka kwashe shawarar suka bar dalilinta a baya. Yaron da yake benci da singileti a bayan wani gareji a Agege ba shi da rigar da za ta ɗaga masa ƙarfe daga ƙirji, saboda haka ba lallai ne maganin mai riga ya zama nasa ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, masu cewa ka dai yi ta benci kawai komai zai zo, su ma suna da hujja. Ga sabon shiga da bai kai shekara yana ɗagawa ba, yawanci ba wata tsoka guda ce ta gaza ba, jikin ne gaba ɗaya bai ginu ba kuma bai gama koyon hanyar da ƙarfen yake bi ba, irin wannan idan ya ƙara yawan benci zuwa sau biyu a sati ya gyara kwanciyarsa zai ga canji ba tare da wani atisaye na musamman ba. Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne wajen wanda ya daɗe, ƙirji ya cika amma hannu siriri, ga dogon kan nan da benci ba ya taɓawa yadda ya kamata.

Abin da dokar 2023 ta ce da abin da ba ta ce ba

Dokar faɗin riƙo tsohuwa ce kuma tana nan yadda take: tsakanin ƴan yatsun nuni biyu kada ya wuce santimita 81, zoben da ake gani a jikin sandar gasa alamar wannan iyaka ce. Abin da aka ƙaro shi ne idan ƙarfe ya sauka a ƙirji, dole ƙasan gwiwar hannu ya sauko daidai da saman gaɓar kafaɗa ko ƙasa da shi. An kuma hana ɗora ƙafa a kan benci lokacin da mutum yake shirya kwanciya.

Dalilin shi ne wasu ƴan wasa, musamman marasa nauyin jiki masu laushin baya, sun ƙware wajen gantsarewa sosai su faɗaɗa riƙo har iyaka, sai ka ga ƙarfen bai yi tafiyar da ta wuce faɗin tafin hannu ba an ce an ɗaga. Masu goyon bayan dokar sun ce wannan ya mayar da gasar ta laushin baya maimakon ƙarfi. Masu suka kuma sun ce alƙali zai sha wahalar ganin gwiwa da kafaɗa daidai a jikin mai kauri, kuma tsawon hannu da faɗin ƙirji halitta ne ba laifin kowa ba.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne duk wanda dokar ta kama dole ya rage gantsarewa ko ya ɗan matse riƙo, tafiyar ƙarfen ta ƙara tsawo, gwiwar hannu ta ƙara lanƙwasa, kuma duk lanƙwasar da ta ƙaru tiraisef ce za ta miƙe ta. To ta wannan fuskar gaskiya ne darajarta ta ƙaru a gasa. Amma mafi yawan masu benci a unguwa dama can gwiwarsu tana sauka ƙasa da kafaɗa, dokar ba ta canza musu komai ba, kuma ba ta shafi wanda ba ya shiga gasar IPF ko ta hukumomin da suke ƙarƙashinta ba.

Akwai wata gasar ma da ta fi kusa da mu, ta ƴan wasa masu buƙata ta musamman, wadda benci ne kaɗai ake yi a cikinta kuma Najeriya ta daɗe tana kwasar zinare. A Faris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, Onyinyechi Mark ta tura 150 a rukunin da ba a wuce kilo 61 na nauyin jiki ba, dukkansu sun kafa tarihin duniya. Su ƙafafunsu a miƙe suke a kan benci, babu taimakon dafa ƙasa, sai an tsayar da ƙarfen a ƙirji sannan a tura, kuma hannu biyun su kulle tare, idan ɗaya ya riga ɗaya alƙalai suna iya soke ɗagawar. Wanda yake son ganin yadda kullewa mai tsafta take ya nemi bidiyonsu ya kalla a hankali.

A ina ƙarfen yake mutuwa

Nan ne ya kamata gardamar ta fara, ba wajen wane atisaye ya fi ba. Ka jingina waya a gefe daidai tsayin benci, ka ɗauki bidiyon set mai nauyi wanda na ƙarshensa yake fita da ƙyar, sannan ka duba inda ƙarfen ya rage gudu ko ya tsaya.

Idan ya maƙale a ƙirji ko ɗan sama da shi kaɗan, wannan yawanci maganar ƙirji da gaban kafaɗa ce, ko kuma kwanciyar ce ba daidai ba, allon kafaɗa a sake, ƙafa tana rawa. Irin wannan ko ya shekara yana atisayen bayan dantse abin da zai ƙaru kaɗan ne, abin da ya fi masa shi ne benci da tsayawa a ƙirji na daƙiƙa ɗaya ko biyu, da tura dambel mai zurfi. Idan kuwa ƙarfen ya tashi lafiya ya wuce rabi sannan ya tsaya, gwiwar hannu ta buɗe waje tana karkarwa, mai tsaya masa yana "saura kaɗan Oga, kulle, kulle" amma ya ƙi kulluwa, to wannan shi ne wanda maganar tiraisef ta fi shafa.

Sai dai akwai tarko a nan. Inda ƙarfe ya tsaya ba koyaushe ne inda raunin yake ba. Wani yana buga ƙarfen a ƙirji ya yi tsalle, tsallen nan ya kai shi rabi, da ya ƙare sai ya tsaya, shi kuma ya ce ai hannuna ne, alhali ƙirjin ne bai taɓa tura nauyin da kansa ba. Gwajin mai sauƙi ne, ya rage nauyi ya tsayar da ƙarfen cak a ƙirji kafin ya tura, idan kilo da yawa suka zube daga abin da ya saba to ya san inda matsalar take. Wani gwajin kuma shi ne ya kwatanta bencinsa na kullum da na matsattsen riƙo, idan na matsattsen ya faɗi ƙasa warwas to hannun ne baya, idan kuwa sun kusa zama ɗaya, tiraisef ɗinsa lafiya lau take ya nemi matsalar a wani wuri.

Atisayen da ake ta musu a kansu

Wanda ya fi kowanne shiga benci kai tsaye shi ne bencin matsattsen riƙo, saboda motsin iri ɗaya ne, sai dai an karkatar da nauyin zuwa hannu. Kuskuren da ya yi yawa shi ne a haɗa hannu biyu har manyan yatsu su kusa taɓa juna, wannan wuyan hannu kawai yake murɗewa ya rage nauyin da za ka iya ɗauka. Faɗin kafaɗa ya isa, gwiwar hannu ta bi kusa da haƙarƙari, ƙarfen ya sauka ɗan ƙasa da inda ya saba. Set uku ko huɗu, kowanne sau biyar zuwa takwas.

Turawa a kwance a ƙasa ba benci, inda dantse yake taɓa ƙasa ya tsayar da kai kafin ƙarfe ya kai ƙirji, shi ma yana aikin rabin sama, kuma ya dace da wuraren da benci ɗaya ne mutum goma suna layi. Dif, wato ka dafa ƙarfe biyu ka riƙa sauke jikinka kana ɗagowa, yana gina hannu da ƙirji tare kuma ba ya buƙatar kuɗi, amma wanda gaban kafaɗarsa yake ciwo kada ya nutse da zurfi, wani ma gara ya bar shi.

Sai atisayen dogon kai, wato miƙe hannu daga bayan ƙeya, dambel ɗaya a hannu biyu ko igiyar inji ga mai zuwa jim na kuɗi. Wani bincike da aka yi a Jafan aka fitar a 2022 ya sa mutane sun yi sati 12 suna horar da hannu ɗaya daga sama da kai, ɗayan kuma a ƙasa kusa da jiki, hannun da aka horar daga sama ya fi girma, musamman dogon kan. Abin lura dai shi ne girman tsoka aka auna ba nauyin benci ba, don haka ba hujja ba ce cewa bencinka zai tashi sati mai zuwa, hujja ce cewa idan nama kake son ƙarawa a bayan dantse wannan hanyar ta fi, naman kuma shi ne jarin da ƙarfi yake fitowa daga ciki daga baya. Wannan atisayen ba a yi masa nauyin gasa, sau goma zuwa goma sha biyar a natse.

Wanda ake kwanciya a sauko da ƙarfe wajen goshi yana aiki, amma shi ya fi kowanne cin gwiwar hannu idan aka zuba masa nauyi, kuma saukar da shi bayan kai maimakon goshi yana rage wannan. Na tura igiya ƙasa a inji shi ne mafi sauƙi ga gaɓa, kuma shi ne mafi ƙarancin shiga benci, ya dace da ƙarshen horo.

A taƙaice ga wanda gwaji ya nuna hannunsa ne baya, benci sau biyu a sati, rana ɗaya na kullum rana ɗaya matsattse, a biyo kowanne da atisaye ɗaya na miƙe hannu, ya isa. A ba shi kamar wata biyu kafin a sake ɗaukar bidiyo a yanke hukunci.

Lissafin mai aikin ƙarfi

Yawancin tsare-tsaren da ake gani a intanet an rubuta su ne don mutumin da yake wuni a kan kujera ya zo jim da hannu a huce. Ɗan dakon da ya wuni yana sauke buhunan albasa a Mile 12, ko mai ruwa da yake tura kura cike da jarkoki, ko mahaucin da yake sara tun asuba a Oko-Oba, gwiwar hannunsa ta riga ta yi set ɗinta kafin ya iso. Idan ya kwafi tsarin mai atisayen tiraisef huɗu a rana, tsokar za ta iya jurewa amma jijiyar ba ta saurin sabawa kamar tsoka, a nan ake samun ciwon nan na bayan gwiwa da yake farawa kamar wasa. Ga irin wannan mutum hannun nan shi ne abincin gidansa, rabin abin da tsarin ya ce ya ishe shi, kuma gara ya sa ranar nauyi a ranar da aiki ya yi sauƙi.

Sai matsalar kayan aikin. A jim na unguwa nauyin siminti ne da aka zuba a bokitin fenti, ko tsofaffin ƙarafan mota da aka yi wa walda, babu wanda ya san ainihin kilonsu, kuma daga wannan zuwa na gaba sai ka ga tsallen kilo goma ne ko fiye. Sau da yawa mutum bai tsaya don rauni ba, matakin gaba ne ya yi masa nisa. Sandar gasa kilo 20 ce, faifan ƙari kuma har na kilo ɗaya da kwata akwai, shi ya sa masu jim na kuɗi suke hawa a hankali. Maganin a unguwa ba tsada, a kai nauyin wajen ƴan gwangwan a ɗora a sikelinsu a rubuta kilon da fenti a jiki, a nan ma ake gano cewa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, wanda shi kansa yana sa hannu ɗaya ya riƙa makara wajen kullewa. Don ƙaramin ƙari kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, gora biyu masu girma ɗaya a ɗaure tamau, ɗaya a kowane gefe, sun ba ka matakin da babu.

Abinci ma yana cikin lissafin. Abin da masana suka fi tsayawa a kai ga mai son gina tsoka shi ne wajen giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, mai kilo 70 kenan yana neman kusan giram 110. Ƙwai ɗaya giram shida ne kacal, don haka indomi da ƙwai biyu wajen mai shayi ba su kai ko'ina ba, sai an haɗa da wake, awara, kifi, ƙuli-ƙuli, nono, abin da aljihu zai iya. Wanda ba ya ci ya ƙoshi kuma ba ya samun barci saboda gadi ko zafi da sauro, canza atisaye ba zai motsa bencinsa ba.

Kuma duk mai gwada nauyin da zai iya kasa kullewa, babban yatsa ya zagaye sandar, kuma a samu mai tsaya masa a kai wanda hankalinsa yake wurin ba a waya ba, domin gazawar tiraisef tana zuwa ne lokacin da ƙarfen yake saitin wuya da fuska.

Allura da tsinkewar jijiya

Akwai masu kawo gajeriyar hanya, allura ko ƙwayar sitiroyid da ake sayarwa a ɓoye a wasu wuraren horo. Ban da illarsu ga zuciya da hanta da haihuwa, suna da wata illa da ta shafi wannan maganar kai tsaye: tsoka tana ƙara ƙarfi da sauri fiye da yadda jijiya za ta iya bi, kuma likitocin ƙashi sun daɗe suna danganta tsinkewar jijiyar tiraisef da ta ƙirji da amfani da su. Shan tiramadol don a danne ciwo a ci gaba da ɗagawa shi ma hanya ɗaya yake kaiwa, don ciwon ne yake gaya maka ka rage.

Ciwon da yake zuwa a hankali a bayan gwiwa yawanci yana lafawa idan aka rage nauyi, aka ajiye atisayen goshi na ɗan lokaci aka koma masu sauƙi. Wanda ba a jira da shi shi ne idan ana cikin turawa aka ji wani abu ya yi ɗas, wurin ya kumbura ya yi baƙi, aka ga rami a saman gwiwa ta baya, hannu kuma ya kasa miƙewa idan an ɗan danne shi. Wannan ba targaɗe ba ne kuma ba karaya ba ce da mai ɗori zai ja ya ɗaure, jijiya ce ta rabu da ƙashi, idan ta tsinke gaba ɗaya sai an yi aiki an mayar da ita, kuma aikin ya fi sauƙi da kyau a cikin makonnin farko kafin tsokar ta janye sama. A Legas asibitin ƙashi na ƙasa da yake Igbobi a kan titin Ikorodu yana duba irin wannan.